Wahayin Littafi Mai Tsarki: a fili ne ko a ruhu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wahayin da annabawa da manzanni suka gani ya faru ne a zahiri, ko kuwa a cikin ruhu kawai. Ni a ganina, Littafin da kansa ya raba mana gardama.

Duba Ayyukan Manzanni sura 10. Manzo Bitrus yana kan soro a garin Yafa, yunwa na cinsa, ana dafa abinci a ƙasa, sai ya ga mayafi cike da dabbobi yana saukowa daga sama. Da maƙwabci ya leƙo ta katanga, kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu na Sumaila, ba zai ga ko kofato ba. Amma mutanen da Karniliyas, wani hafsan sojan Roma, ya aiko, waɗanda suka yi sallama a ƙofar gida, mutane ne masu jini a jika.

A sura 12 kuma abin ya juye. Mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkukun Sarki Hirudus, sarƙoƙi suka zube, shi kuwa yana tsammanin wahayi yake gani, sai da ya tsinci kansa a kan titi.

Na Manzo Bulus ne mai wuyar sha'ani. A 2 Korantiyawa 12 ya ba da labarin wani da aka ɗauke zuwa sama ta uku, ya ce ko cikin jiki ne ko ba cikin jiki ba, Allah ne masani. Wannan kam ban yarda wani mai wa'azi ya yanke masa hukunci ba.