Marigol ɗina sai ganye yake yi babu fure, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Daga Zariya nake. A watan Fabrairu na sayi fulawar nan mai ruwan ƙwai da ake ce wa marigol wajen masu sai da shuke-shuke a bakin titi, guda huɗu a cikin leda, duk da furensu gwanin sha'awa. Na dasa su a bokitai na jera ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu don kar rana ta ƙona su, safe da yamma ina ba su ruwa, har kashin kaji na zuba musu da ɗan yuriya da maigida ya rago daga gona. Tunda furen farko ya bushe shikenan, sai ganye kawai shar, yanzu kuma ga Afrilu ganyen ya fara yin fari-fari da wata irin yana a ƙarƙashinsa, biyu ma sun mutu. Dan Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta saƙonki har sau biyu kuma gaskiya duk abin da kika lissafa na nuna kin kula da su da zuciya ɗaya, sai dai ita wannan shukar kulawar ce ta yi mata yawa. Inuwa, ruwa sau biyu a rana, kashin kaji ga yuriya a kai, waɗannan ukun su suka haɗu suka hana ta fure, sannan zafin bazara ya zo ya ƙarasa.

Bari in fara da mangwaron nan don shi ne babba. Marigol ɗan rana ne, asalinsa daga ƙasar Meziko yake, can ake noma shi tun kafin Turawan Sifaniya su je, su ne suka ɗauko irin zuwa Turai a ƙarni na 16 daga nan ya bazu duniya, shi ne wannan furen da kike gani ana shirya shi kamar sarƙa ana ratayawa a wuya a bukukuwan Indiya. Danginsu ɗaya da latas da shuwaka in aka bi ta tsarin furensu. Yana son rana ta buge shi kai tsaye aƙalla awa 6 a yini, in bai samu ba sai ya yi ta miƙewa yana neman haske, kara siriri, ganye kore shar, fure kuwa babu. Ita inuwar mangwaro ai mai kauri ce, ko ciyawa ba ta cika yin kirki a ƙarƙashinta ba. Ki tsaya a tsakar gidan ki lura da inda rana take sauka tun hantsi har azahar, can ne wurinsu, in ma katanga za ta ɗan kare su daga ranar la'asar a irin wannan watan to madalla, amma ranar safe kam dole ce.

Sai maganar taki. Yuriya aikinta kenan ta sa ganye, shi ya sa ake zuba wa masara da alayyafo, kashin kaji ma haka yake da ƙarfi musamman ɗanye wanda bai kwana biyu ya huce ba, yana iya ƙona saiwa a cikin bokiti tunda babu inda ƙarfin zai bi ya baje. Shuka in ta samu irin wannan abincin da yawa sai ta manta da fure ta koma gina jiki. Ni abin da nake haɗa wa marigol shi ne kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi mai ɗan tsakuwa, kashi ɗaya tsohon kashin shanu ko na awaki wanda ya riga ya ruɓe ya zama kamar gari ba ya wari, shikenan. In har sai an ƙara na zamani to ɗan kamfa kaɗan, abin da bai wuce rabin ƙaramin cokalin shayi ba a bokiti ɗaya, a gefe-gefe nesa da gindi, sau ɗaya a wata ya isa. Yuriyar nan ki mayar wa maigida abinsa.

Ba ki faɗa min ko kin huda gindin bokitan ba, kuma ina zargin nan ne biyun da suka mutu suka samu matsala. Bokitin da ba shi da huji ana zuba masa ruwa safe da yamma a inuwa, ƙasan cikinsa taɓo ne zalla, saiwa ba ta samun iska sai ta ruɓe, kuma abin da ke ruɗar mutane shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata ruwa. Ki tuge ɗaya daga cikin matattun ki duba, in kin ga saiwar ta yi baƙi-baƙi tana saɓulewa a hannu tana ɗan wari to ruwa ne ya kashe ta, lafiyayyar saiwa fara ce tas. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda kowane bokiti wuri biyar ko shida, ki ɗora shi kan duwatsu ko bulo. Wajen ban ruwa kuma kar ki bi agogo, ki tura ɗan yatsanki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari sai gobe, in ta bushe ki zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa. A bazara zai iya kamawa kullum da sassafe, da hunturu kuwa bayan kwana biyu ko uku. A gindi za ki zuba, kuma dan Allah banda ruwan wanki ko na wanke-wanke, omo da gishirin da ke ciki taruwa suke a bokiti.

Wannan fari-farin da yanar da kika gani kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, jajaye ko ruwan ƙasa, da ƙyar ido ke ganinsu, suna zama a bayan ganye suna tsotse ruwansa, kuma babu lokacin da suke so kamar zafi da ƙura, wato daidai yanzu. In kina son tabbatarwa ki sa farar takarda a ƙarƙashin reshe ki ɗan kaɗa shi, za ki ga wasu ɗige-ɗige kamar garin barkono sun zubo, ki zuba musu ido kaɗan za ki ga suna tafiya. Ganyen da ya lalace sosai ki cire ki ƙona, sauran ki juya bayansu ki wanke da ruwa mai ɗan ƙarfi da sassafe, duk bayan kwana biyu, don su ba sa son jiƙa. Sannan ki daka ɗanyen ganyen darbejiya cikin hannu biyu, in kin samu 'ya'yan ma sun fi ƙarfi, ki jiƙa a ruwa lita 2 ya kwana, ki tace, ki ɗan goga sabulun wanka mara turare kaɗan a ciki ki fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, sati-sati kamar sau uku. Ban ba ki shawarar maganin feshin gona a tsakar gidan da yara ke wasa ba, kuma da yawansu ma ba sa kashe irin wannan ƙwaron, sai su kashe ƙwarin da ke cinye shi abin ya ƙaru.

Biyun da suka rage za su iya farfaɗowa, ki rage musu tsawo kamar kashi ɗaya cikin uku, ki matsar da su rana a hankali cikin kwana huɗu ko biyar don ganyen da ya saba da inuwa kar ya ƙone. Amma kar ki sa ran fure mai yawa kafin ruwa ya sauka, idan zafi ya kai irin na Afrilu da Mayu marigol tsayawa yake da fure ko an yi masa komai daidai, sai gari ya ɗan yi sanyi ya dawo.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba, shi marigol shukar zango ɗaya ce kamar gero ko wake, ya tsiro, ya yi fure, ya yi iri, ya mutu, duka cikin wata huɗu zuwa biyar. Wanda kika saya da furensa a Fabrairu ya riga ya ci kusan rabin rayuwarsa a leda. Shi ya sa kullum nake ce wa mutane su shuka da kansu daga iri, wallahi babu fulawar da ta kai shi sauƙi. Lokacin da na fi so a nan arewa shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sai ya yi miki fure tun daga Nuwamba har cikin hunturu, kuma a sanyin nan ne furen ya fi girma launin ya fi fita. Ana shukawa a Yuni ma yana yi, sai dai in marka ta zauna a Agusta manyan furannin suna shan ruwa su ruɓe, a lokacin gajeren ya fi jurewa. Iri biyu ne dama aka fi samu, akwai dogon da ke kai santimita 60 zuwa 90 mai babban fure kamar ƙwallo, da gajeren da bai wuce santimita 30 ba mai ƙananan furanni da ratsin ja. Gajeren yana fara fure a kwana 45 zuwa 50, dogon kuwa sai ya haura wata biyu.

Ki samu faffaɗan mazubi mai huji ki cika da ƙasar da na faɗa, ki jera irin ki rufe da ƙasa 'yar kaɗan da ba ta wuce rabin santimita ba, ki yayyafa ruwa da hannu. Cikin kwana 5 zuwa 7 za ki ga sun leƙo. Ki kife musu tsohon kwando ko gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru. Bayan sati 3 zuwa 4 ki dasa da yamma, gajeren ki ba shi tazarar taƙi ɗaya, dogon taƙi biyu, a bokiti kuwa dogo ɗaya tak ko gajeru uku. Idan ya kai tsawon taƙi ki sa farce ki tsinke kan tsiron can sama, na san da wuya mutum ya yi wa lafiyayyar shuka haka amma ki daure, nan da kwana goma za ki ga rassa sun fito ta kowane gefe kuma kowane reshe da furensa zai zo. Duk furen da ya fara yaushi ki tsinke shi da ɗan karansa, muddin kika bar shi ya yi iri shukar za ta ɗauka ta gama aiki ta rage sabon fure.

Sai can ƙarshe ki zaɓi fure biyar ko shida mafi kyau ki bar su su bushe a jiki har gindin furen ya koma ruwan ƙasa. Ki ɓare ɗaya a tafin hannu, za ki ga irin a jere a tsaye kamar tsintsiya, siriri baƙi mai farin gashi a kai, masu tauri da baƙin nan su ne na kirki, fararen da suka yi laushi fanko ne. Ki shanya a inuwa kwana uku, ki zuba a ambulan ɗin takarda banda leda, ki rubuta wata da shekara a jiki. In na kanti kika saya aka rubuta F1 a jikin fakitin, wato iri mai aure, 'ya'yansa ba lallai su fito kamar uwar ba, amma dai za su yi fure.

In maigida yana noman tumatir ko kuɓewa ki faɗa masa wannan, saiwar marigol tana fitar da wani sinadari da ke rage tsutsar nan da ido ba ya gani mai sa saiwar tumatir ƙulle-ƙulle kamar carbi. Sai dai ba a jefa guda biyu a gefen kunya a ce an yi magani, cika fangalin ake yi da shi ya yi kamar wata biyu a wurin, sannan a sare a juya shi cikin ƙasa a dasa tumatirin a bayansa, kuma gajeren nan mai ratsin ja shi aka fi amfani da shi a wannan aikin. Ki fara da huda bokitan yau in Allah ya yarda, bayan sati biyu ki sake rubuto min yadda ganyen ya koma.