Sa hannunka ne a kan takardar, Alhaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar kayan gini a Ƙofar Ruwa, tayil da fayif da kwanon rufi, kuma na yi wa kamfanina rajista tun 2019. Ɗan wana da na ɗauki nauyin karatunsa har ya karanta akanta, shi ke riƙe da duk harkar haraji. Kowace shekara ina ba shi kamar naira miliyan 2 ya je ya biya, ya kawo takardu in sa hannu. Makon jiya wasiƙa ta zo daga hukumar haraji cewa shekara 3 ana nuna kamfanin bai sayar da komai ba, kuma takardar shaidar biyan haraji da na nemi wata babbar kwangila da ita ba daga wurinsu ta fito ba. Yaron ya ce kada in damu, akwai wanda zai kashe maganar da miliyan 3. Wani abokina kuma ya ce in rufe wannan kamfani in buɗe sabo da sunan ɗana. Idan abin ya kai kotu, ni za a kama ko shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku biyun ana iya gurfanar da ku, amma kai za a fara nema, domin sunanka ne a rajista a matsayin darakta, kuma sa hannunka ne a ƙasan kowace takardar ƙarya da aka kai. Dokar kafa hukumar harajin tarayya, wato FIRS, ta 2007, wadda aka yi waɗannan shekarun a ƙarƙashinta, ta ce idan kamfani ya yi laifin haraji, darakta da manaja da sakatare duk ana ɗaukarsu masu laifi, sai wanda ya iya tabbatar da cewa bai sani ba, bai yarda ba, bai kuma haɗa baki ba. Nauyin tabbatarwar a wuyanka yake. Buga takardar jabu laifi ne mai zaman kansa da ke iya kai mutum shekara 3 a gidan yari. Daga Janairun 2026 an sauya wa hukumar suna zuwa NRS, da sababbin dokoki, amma sauyin suna bai yafe wa kowa tsohon bashi ba.

Kuskurenka ɗaya ne, kuma ba ɗaukar ɗan'uwa aiki ba ne. Shekara 3 kana miƙa kuɗi hannu da hannu, ba ka taɓa cewa a nuna maka rasidin banki ba. Kai da ba za ka bari a sauke motar tayil ba sai ka ƙirga kwali ɗaya bayan ɗaya, kai ne ka sa hannu a takardar da ta ce ba ka sayar da ko bulo ɗaya ba, ba tare da ka sa an karanta maka ba. Na san dalili. Kunya ce. Kana ganin idan ka tambayi rasidi kamar ka ce wa ɗan wanka ɓarawo. To wannan kunyar ce ta cuce ku duka, domin yaron da ya san ba a duba bayansa, yau zai ci dubu 200 da niyyar mayarwa, baɗi ya ci duka.

Kada ka yi tsammanin alƙali zai karɓi hujjar cewa ka amince da jininka. Wanda ya fi ka suna ya gwada. A 2016 wata kotu a Barcelona ta yanke wa Lionel Messi da mahaifinsa ɗaurin wata 21 kowannensu, kan harajin Yuro miliyan 4.1 na kuɗin tallace-tallace daga 2007 zuwa 2009. Abin da ya kare kansa da shi shi ne ƙwallo kawai yake bugawa, takardu kuwa mahaifinsa da lauyoyi suke kawowa ya sa hannu. Kotu ta ƙi, kotun ƙolin Sifaniya ta tabbatar da hukuncinsa a 2017. Bai kwana a kurkuku ba, an mayar da ɗaurin tara, kuma tun 2013 sun riga sun biya Yuro miliyan 5. Wato ya biya, kuma duk da haka an rubuta masa laifi. Wannan mahaifi ne fa, ba ɗan wa ba.

Sannan ka cire rai da cewa yaron zai ɗauki laifin shi kaɗai. Allen Weisselberg ya yi kusan shekara 50 yana riƙe wa gidan Trump lissafi a Amurka. Da masu gabatar da ƙara suka matsa masa a 2022, ya amsa laifuffuka 15, ya tsaya a kotu ya ba da shaida a shari'ar kamfanin Trump, aka ci kamfanin tarar dala miliyan 1.6, shi kuma aka ba shi wata 5. Akanta idan ya ga ƙofar gidan yari, abin da zai rage masa kwanaki yake nema. Ɗan wanka zai ce Baffa ne ya ce a rubuta haka. Da me za ka ƙaryata shi? Kuɗin a hannu ka ba shi, babu shaidar tura su ta banki, babu ko saƙon waya.

Bari in nuna maka abin da rashin ajiye takarda ya jawo, da lissafi na kintace. A ce kana sayar wa kamfanoni kayan naira miliyan 200 a shekara, kana ɗora musu VAT, wato harajin da ake ƙarawa a kan kuɗin kaya, na kashi 7.5 cikin ɗari. Ka karɓi miliyan 15 ke nan, kuma wannan kuɗi ba naka ba ne ko sisi, amanar gwamnati ce da ake son a kai kafin 21 ga watan da ke biye. Amma kai ma da ka sari kayan, a ce na miliyan 180, ka biya VAT na miliyan 13.5 a masana'anta. Doka ta yarda ka cire wannan daga wancan, ka kai miliyan 1.5 kacal. Ka ga miliyan 2 da kake bai wa yaron ta isa biyan wannan VAT ɗin. Idan kuwa babu rasidan sari da ke nuna VAT ɗin da ka biya, mai binciken haraji ba zai cire maka komai ba. Bashin shekara 3 da ya kamata ya tsaya miliyan 4.5 sai ya zama miliyan 45, kafin a ɗora tara da kuɗin ruwa, kafin a zo kan harajin riba.

Yadda suka gano kuwa ba asiri ba ne. Kamfanonin da kake kai wa kaya suna cire wani kaso daga kuɗinka su kai wa hukuma da lambar TIN ɗinka, wato lambarka ta mai biyan haraji, kuma suna nuna rasidinka don a cire musu VAT ɗin da suka biya ka. Kwamfuta ta ga wani ya ce ya biya ka miliyoyi, kai kuma ka ce ba ka sayar ba. Tun 2021 da aka koma cike takardu ta intanet a shafin hukumar mai suna TaxPro Max, haɗa waɗannan biyun ba ya ɗaukar lokaci.

Maganar miliyan 3 ka bar ta. Na ga wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki da ya bi wannan hanya. Ya biya wani mai shiga tsakani, aka yi shiru wata da watanni, har ya yi sadaka. Da aka sauya jami'in da ke riƙe da fayil ɗin, wasiƙa ta biyu ta zo, wa'adin ƙalubalantar kuɗin da aka yanka masa ya riga ya wuce, aka rufe asusunsa daidai lokacin da kayansa ke tashar jirgin ruwa suna cin kuɗin ajiya. Mai shiga tsakanin ya daina ɗaga waya. Hukumar tana da ikon umartar banki ya riƙe kuɗin mai bashin haraji, kuma a 2018 zamanin shugabanta Babatunde Fowler ta yi amfani da shi a kan 'yan kasuwa da yawa. Wanda ya kawo maka shawarar cin hancin ma ka duba shi: shi ne wanda ya fi kowa buƙatar kada a buɗe fayil ɗin.

Buɗe sabon kamfani da sunan ɗanka ya fi wannan muni. Yau kana da damar cewa sakaci ne. Ranar da ka kwashe kaya da kuɗi zuwa wani suna bayan wasiƙa ta zo, ka rubuta wa mai gabatar da ƙara shaidar ganganci da hannunka, ka kuma jawo yaro marar laifi ciki. Kuma ina roƙonka ka cire wannan kwangila daga ranka. Ɗokinta ne ya sa da aka kawo maka takardar shaida cikin 'yan kwanaki ba ka tambayi yadda aka yi ba. Kasuwar da ke ciyar da gidanka ta fi ɗaruruwan miliyoyin da ba su shigo ba.

Abin yi yanzu: a wannan makon ka karɓe lambobin sirrin shafin cike takardun haraji da hatimi da duk fayil daga hannun yaron. Ka ɗauki ƙwararren akanta mai rajista da ɗaya daga ƙungiyoyin ƙwararru, ICAN ko ANAN ko CITN, wanda ba ku haɗa dangi ko unguwa ba, tare da lauya da ya san shari'ar haraji. Ka duba kwanan watan da ke kan wasiƙar, domin idan kuɗi aka yanka maka, kwana 30 kake da su ka ƙalubalanta a rubuce. Ka karɓo bayanan asusunka na shekarun nan daga banki, ka bi masana'antu da dilolin da kake sari a wurinsu su ba ka kwafin rasidai, don kowane rasidi da ka samo kuɗi ne ya ragu daga bashin. Sai ku je hukumar da ƙafarku da gyararrun takardu, ku nemi biya kashi-kashi da sassaucin tara. Afuwar VAIDS, shirin yafe tara ga wanda ya bayyana bashin harajinsa da kansa, ta rufe tun Yunin 2018, amma har yanzu hukumar kuɗinta ta fi so a kan shari'a, kuma yawancin wanda ya kawo kansa da gaskiya ana gamawa da shi a ofis.

Takardar jabun ita ce mai wuya, kada ka buɗe baki a kanta sai lauyanka na zaune. Zai iya ce maka dole a rubuta yadda aka yi, da sunan wanda ya kawo ta. Kafin a kai nan, ka je gidan wanka da kanka, ka zaunar da shi da yaron a gaban dattijo ɗaya, a sa yaron ya rubuta nawa ya karɓa kowace shekara, nawa ya kai, da inda ya samo takardar, ya sa hannu da kwanan wata. Kwafi ɗaya wurin lauya, ɗaya wurin wanka.