Kowane ƙaro da aikinsa

Ɗana, ka tambaye ni: tunda ƙaro duk daga jikin itace yake fitowa, me zai hana mu zuba wanda ya samu a magani, har mu ƙara yawansa don ƙwaya ta yi ƙarfi? Zauna ka ji.

Ƙaro ba ya warkar da kowa. Aikinsa ya riƙe magani har ya isa cikin mutum, sannan ya sake shi a kan kari. Wajen sakin nan mutane ke faɗuwa.

Ɗauki ƙaron dakwara, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa. Narkewa yake yi cikin ruwa, kuma ko ka zuba da yawa ba ya saurin kauri, shi ya sa yake ɗaure garin ƙwaya da kyau. Amma in ka cika hannu, ƙwayar za ta fito da kyan gani, ta ƙi fashewa. Ƙa'idar ƙwaya marar rufi ita ce ta watse cikin minti 15 a gwajin ruwa. Wadda ta wuce haka, mai ciwo ya sha, ya zauna jiran sauƙin da bai zo ba, alhakinsa kuwa a wuyanmu yake.

Ƙaron taragakan, wanda ake samu a Iran da Turkiyya, halinsa daban. Kumbura yake yi, ɗan kaɗan ya kaurara kwalba guda. Shi ake sa wa maganin ruwa da ake girgizawa, don gari kada ya kwanta a gindi. Ka fara jiƙa shi da giliserin kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba gudaji za ka yi ta bi. Ƙaron guwa kuma ba daga ɓawon itace yake ba ma, daga ƙwayar wani wake ne da ake nomawa a Indiya da Pakistan.

In za ka haɗa mai da ruwa da ƙaron dakwara, riƙe wannan awo: mai kashi 4, ruwa 2, ƙaro 1. Turmi ya bushe ƙarau. Ka gauraya ƙaron da man, ka juye ruwan nan kashi 2 gaba ɗaya, ka yi ta juyawa da sauri ta gefe guda har ya yi fari, ka ji yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin taɓarya. Sai ka ji wannan ƙarar za ka ƙara sauran ruwa a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗauka duk abin da ya fito daga itace tsarkakakke ne. Ƙaro a sarari yake bushewa, da ƙura da hannun mutane, yana iya ɗauko ƙwayar cutar Salmonella, kuma da ya jiƙe funfuna na kusa. Dole a gwada shi, dole a sa wa ruwansa sinadarin hana lalacewa. Ƙaron dakwara ma yana da wani sinadari mai ɓata wasu magunguna, sai an ɗan dafa shi a zafin digiri 100 yake mutuwa. Ga shi buhun bana ba lallai ya yi kaurin na bara ba, don ƙasa da damina da shekarun itacen duk suna canza shi.

Saboda haka duk buhun da aka kawo, kwaɓa kaɗan ka auna kaurinsa, ka buga ƙwayoyin gwaji ka jefa a ruwa, ka rubuta abin da ka gani, ka kawo mini kafin ka taɓa babban kwaɓi.