Da me za a fara koya wa nas-nas ciyar da masu tiyata?

Sista, kin ce an ba ki kwana 2 ki horar da nas-nas na sashen tiyata kan ciyar da majinyata, kina neman inda za ki kama. Ki fara da sikeli, robar hanci, wadda ake zurawa har ciki don ba majinyaci abinci, ta biyo baya. Kowace nas ta saba auna majinyaci ranar da aka ba shi gado, ta tambaye shi yaushe rabonsa da cin abincin kirki. Wanda ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, a sanar da likita kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Sai ki gyara musu zancen hana ci kafin aiki: awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, sai in likita ya ce a ƙara.

Amma ki ware sa'a guda kan wanda ya daɗe bai ci ba. In aka ɗura masa abinci lokaci ɗaya, sinadaran fosfet da fotasiyam na jininsa kan faɗi, zuciya ta rikice. A sashenmu na sha ganin yaron da taifod ya huda wa hanji, ana cewa ya fara kurɓa, uwar ta ciro fulas cike da kunun gyada tana so ya shanye. Tausayi ne, ba laifinta ba. Tunda a asibitocinmu 'yan uwa ke kawo abinci, ki sa nas-nas su gwada yi wa mai jinya bayani da cokali da kofi a hannu.