Dusa kaɗai ba ta sa kaza ƙwai: wane abinci ya dace da kajin bayan gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kaji 15 masu ƙwai a bayan gida, wasu na gida ne, wasu kuma Shika Brown, ga 'yan tsaki da suka ƙyanƙyashe kwanan nan. Dusar masara da tsaki nake ba su duka. Ƙwan ya ragu sosai, wanda ake samu ma ɓawonsa ba ƙwari. Wane abinci ya kamata in saya, ko zan iya haɗawa da kaina? (Wata mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar tana cikin kwanon abincin. Dusa tana cika ciki, amma ƙarfinta kaɗan ne, tsaki kuwa ƙarfi yake bayarwa ban da gina jiki. Kazar da ke saka ƙwai tana buƙatar abincin da kashi 16 zuwa 17 cikin 100 nasa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, masara kuwa ba ta wuce kashi 9. Kalsiyam ɗin da ake gina ɓawon ƙwai da shi kusan babu shi a dusa da tsaki. Idan kaza ta rasa shi a abinci sai ta riƙa zaƙulo shi daga ƙashinta. Ɓawo ya yi laushi, ƙafa ta yi rauni, daga baya ta daina ƙwan.

Abu na farko, ki raba 'yan tsakin da manya wajen ci. Daga ƙyanƙyasa zuwa mako 8 abincin 'yan tsaki ake ba su, wanda masu shago ke kira cikmash, mai furotin kashi 18 zuwa 20. Daga nan zuwa wajen mako 18 sai girowa, wato abincin kaji masu tasowa. Leya, abincin masu ƙwai, sai kin ga ƙwan fari ko tukkunsu ya yi ja ya cika. Kada ki bari 'yan tsaki su ci leya don neman sauƙi: kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4, ya fi ƙarfin ƙodarsu, yana lalata ta, kuma sai ɓarnar ta yi nisa ake ganewa.

Sannan kajin naki ba iri ɗaya ba ne. Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, don ƙwai aka yi ta, kuma ba za ta biya ki ba sai ta samu cikakken leya, giram 110 zuwa 120 a rana. A wannan lissafin, buhu mai kilo 25 mako biyu zai yi wa kaji 15. Kazar gida kuwa takan saka ƙwai goma sha wani abu ta hau kwanci, don haka ciyar da ita abincin buhu zalla asarar kuɗi ce. Ki bar ta ta yi kiwo, ki ƙara mata kamar giram 50 da yamma. Da damina ƙwari da ɗanyen haki sun wadata. Da rani ne za ki ƙara hannu.

In za ki haɗa leya da kanki, ga ma'aunin kilo 100, sai ki rage shi daidai ƙarfinki: masara kilo 52, gasasshen waken suya 15, ƙuli-ƙuli 8, dusar alkama 14, garin dutsen kalsiyam da ake sayarwa a shagon abincin kaji 8, garin ƙonannen ƙashi 2 da rabi, gishiri giram 300, firimis na masu ƙwai (garin haɗin bitamin da ma'adinai) giram 250. Da sikeli za ki auna, ba da mudu ba, domin mudun dusa da na masara nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ki fara cakuɗa gishiri da firimis a cikin 'yar dusa kafin ki zuba su cikin sauran, in ba haka ba wata kazar ta ci da yawa, wata ba ta samu ba. Dawa fara ko ƙaura za ta iya maye gurbin wani ɓangare na masarar idan ta fi araha.

Waken suya dole a gasa shi har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ruwan ƙasa, ba tare da ya ƙone ba. Ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana kaza narkar da furotin, sai ki ga ana ci ba a girma. Ƙuli-ƙulin kuma ya zama marar yaji, marar gishiri da yawa. Inda na fi jan kunnen masu kiwo shi ne fumfuna. Masara ko gyaɗar da ta sha danshi tana iya ɗaukar gubar afulatoksin, wadda ke cin hanta, kuma gashi ko shanya ba sa kashe ta. Duk abin da ya dunƙule ko yake warin ruma, ki zubar. Ki ɗora buhu a kan katako nesa da bango, kada ki sayi abin da zai wuce wata guda a ajiye.

Don gyara ɓawon da sauri, ki ajiye wani ƙaramin kwano daban na garin dutsen ko ɓawon ƙwai, masu buƙata za su ɗiba da kansu. Ɓawon a soya shi a daka tukuna, don kada su koyi fasa ƙwansu. Busasshen ganyen zogale kaɗan yana sa gwaiduwa ta yi launi, kajin da ke kulle kuma a ba su ƙananan tsakuwa don ƙundu ya samu abin niƙa.

Kada ki sauya abincin rana ɗaya. Ki riƙa cakuɗa sabon da tsohon, kina ƙara sabon, har tsawon mako guda. Ruwa kuwa kaza tana shan ninki biyu na abin da ta ci, da bazara ya fi haka, kuma yini guda babu ruwa ya isa ya tsayar da ƙwai na kwanaki. A lokacin zafi ki ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Idan bayan mako uku ƙwai bai dawo ba, ko kika ga zawo, tari ko murɗewar wuya, to ba abinci ba ne kaɗai, ki nemi likitan dabbobi ya duba su.