Gayyar kwafe tsoffin takardu

Jiya muna kakkaɓe ƙurar kwalayen nan ka tambaye ni me zai hana mu ɗauki hoton tsoffin jaridu da takardun ajami mu zuba a intanet, 'yan sa kai su buga mana su kyauta. Babu abin da zai hana, yarona. Sai dai wannan gayya ce, mai gayya kuwa ba ya zama a inuwa. Shi ke raba kunyoyi, shi ke kawo fura, shi ke bin baya yana duba inda aka tsallake ciyawa.

Wasu sun riga mu. Babban ɗakin karatu na ƙasar Ostireliya ya buɗe wa jama'a tsoffin jaridunsa tun 2008: na'ura ta karanta, mutane su gyara kurakuranta layi-layi. Na majalisar dokokin Amurka ya fara nasa a 2018, kuma a can ba a ɗaukar shafi a matsayin kammalalle sai wani ya sake duba abin da na farko ya kwafe. Wannan dubawa ta biyu nake so ka riƙe da kyau.

Ka fara da boko, kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma bugawa a Zariya a 1939. Na'ura takan tuntsure a kan harufanmu masu lanƙwasa, ta mai da ƙasa kasa, ɓata bata, don haka idon Bahaushe ake nema. Doka ɗaya za ka kafa musu: a kwafe abin da aka gani. In tsohon marubuci ya sa "chiniki", a bar masa abinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai ilimi mai kyakkyawar niyya, wanda zai gyara maka rubutun jiya ya dace da ƙa'idar yau, ya shafe shaidar zamanin ba tare da ya sani ba. Kalmar da gara ta ci, a sa mata alama, ban da canka.

Ajami kuwa sai a hankali. Irin rubuce-rubucen hannu da ke gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, salon Magribi ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Matashin da ya saba da bugun gabas zai karanta ƙaf a matsayin fa, ya wuce da ƙarfin gwiwa. Masu idon wannan aiki suna zaurukan unguwannin Gangare da Anguwar Rogo a Jos, da yawansu ba ruwansu da intanet. Haɗa kowane malami da yaro mai waya, malam na karantawa yaro na bugawa, ka saya musu data, ka kuma rubuta sunayensu a jikin aikin.

Takardar da wani gida ya ba mu amana ba za ta hau intanet ba sai da izinin magada. Gobe ka ware shafi ashirin masu tsabta, mu gwada da mutum biyar tukuna.