Amsa: Ƙwayoyin bitamin da gubar arsenik

Malam, ka tambaya ko folik asid, wani nau'in bitamin B, zai warkar da ƙaninka da aka gano arsenik, gubar da ake samu a ruwan wasu rijiyoyi, a jikinsa. A'a, shi kaɗai ba zai warkar da shi ba. Yana dai taimaka wa jiki fitar da gubar ta fitsari, an gwada hakan a Bangaladash. In kuwa yana amai da gudawa, ku garzaya asibiti yau.

Abin da na sha gani a aikin rijiyoyi shi ne, mutum na haɗiyar ƙwaya da ruwan da ya jawo masa cutar. Tafasawa ba ta cire arsenik. A gwada ruwan, in arsenik ɗin da ke cikinsa ya haura mikrogiram 10 a lita (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), a sauya rijiya. Can Bangaladash jan fenti ake shafa wa bakin famfon da ya gurɓace.